Babi Na Shida: Zufar Da Ba Ta Bushe Ba

Saura minti ɗaya ƙarfe goma sha biyun dare ta buga, ranar Juma'a 27 ga Satumba 2019, aka saki mata 68 a titin bakin teku na birnin Doha. Gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ake yi, tseren kuwa na fanfalaki ne, kilomita 42 da mita 195. Masu shirya gasar sun san ƙasarsu. Sun san ba mahaluƙin da zai iya wannan gudu da rana a Ƙatar, shi ya sa suka ɗauke shi suka kai tsakar dare, suka haske titin da fitilu tar, suka shata zagaye mai kilomita bakwai wanda za a kewaya sau shida. A lissafinsu, rana ce matsalar, kuma ta faɗi.

Ma'aunin zafi a daren nan yana nuna digiri 32 da 'yar ɗoriya, laimar iska kuwa ta haura kashi 70 cikin ɗari. Tun ba a raba tafiya biyu ba aka fara kwasar mata a keken marasa lafiya. Habasha ta zo da zaratan mata uku, ba wadda ta ga ƙarshen tseren. Da aka tashi, 28 sun zube ko sun janye, 40 ne suka ƙarasa. Ruth Chepngetich ta Kenya ce ta ɗauki zinare, cikin awa 2 da minti 32 da daƙiƙa 43. Ita ɗin dai, a watan Janairun shekarar, ta yi wannan nisa a Dubai cikin awa 2 da minti 17 da daƙiƙa 8. Ƙafafun su ne, huhun shi ne, biranen ma teku ɗaya suke kallo. Minti goma sha biyar da rabi suka salwanta tsakanin Janairu da Satumba, wanda a irin gudunta ya fi tafiyar kilomita huɗu. Kuma ba rana.

Duk wanda ya tashi a gidan da ke da randa ya riga ya san inda mintocin nan suka shiga, ko bai taɓa zama a ajin kimiyya ba. Randar ƙasa tana tsattsafo. Ruwa yana ratsa jikinta ya fito waje kaɗan-kaɗan, iska ta busa ya bushe, kuma kowane ɗigo da ya bushe da ɗan zafin randar yake tafiya. Shi ya sa a watan Maris, ana ƙwalla rana a Kano ko Damagaram, sai ka sa moɗa ka ɗebo ruwan da ke kama haƙori. Koma wa randar nan a watan Agusta ana marka. Gari ya fi sanyi, amma ruwan ya zama salaf, jikin randar ya jiƙe sharkaf, gindinta har da gansakuka. Tsattsafon bai tsaya ba, bushewa ce ta tsaya, don iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta da wurin zuba wani. Matan da ke shanya a damina sun san wannan. A kansa ne marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyahu, dabarar da ta samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tukunyarsa tana aiki a inda iska ta bushe. Kai ta bakin teku, sai ta koma tukunya kawai.

Jikin ɗan Adam randa ce mai tafiya, sai dai akwai murhu a cikinta. Tsoka ba ta da tattali: cikin ƙarfin da take ƙonawa, abin da ke zama motsi bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar ba, sauran duk zafi ne. A ɗauki mai gudu da nauyinsa ya kai kilo 60. Kowace kilomita tana cin masa kalori wajen 60, irin kalorin da ake rubutawa a jikin kwalin abinci. Kalori 50 kacal sun isa su ɗaga zafin jiki mai wannan nauyi da digiri ɗaya. Wato da za a toshe duk wata kafa da zafi ke fita, mutumin da ya tashi da digiri 37 zai kai 41 kafin ya ci kilomita biyar. Saura kilomita 37 a gabansa.

In garin da sanyi, iska ce ke ɗauke masa yawancin kayan. Ba banza ba Eliud Kipchoge ya zaɓi wata safiya mai sanyi a birnin Biyana, ranar 12 ga Oktoba 2019, mako biyu bayan daren Doha, ya yi gudunsa na awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. Masana gudu sun daɗe da lura cewa lokuta mafi kyau a fanfalaki suna fitowa ne a wajajen digiri goma. Amma in iska ta kai 32, fata kuma tana 34 ko 35, tazarar ta yi ƙanƙanta, iska ba ta ɗaukar abin kirki. Sai nauyin duka ya koma wuyan zufa. Lita guda ta zufa, in ta bushe a kan fata, tana tafiya da kalori wajen 580. Wannan babban aiki ne, kuma da shi ɗan Adam ya fi yawancin dabbobi jure gudu a rana. Sharaɗin dai shi ne ta bushe. Wadda ta gangaro ta haɓa ta ɗiga a kwalta, ko ta taru a cikin takalmi tana cakal-cakal, asara ce biyu: ruwan jiki ya tafi, zafin yana nan.

Jiki kuwa bai san dabara ta biyu ba. Da ya ji zafi na hauhawa sai ya ƙara buɗe famfo, lita ɗaya, lita biyu a awa guda. An taɓa auna Alberto Salazar na Amurka lokacin da yake shirin gasar Olamfik ta 1984, aka samu yana zubar da lita 3.7 a awa. Ruwan nan daga jini ake yagarsa. Ga jini yana raguwa, ga masu nemansa biyu sun sa zuciya a gaba: tsokar ƙafa tana son iskar shaƙa, fata tana son a kawo mata zafin ciki ta fitar. Zuciya sai ta ƙara bugu don ta raba ɗan abin da ya saura. Mai agogon auna bugun zuciya zai ga abin da idonsa: gudun bai ƙaru ba, amma lambar sai hawa take. A nan ne ƙwaƙwalwa ke sa baki, ta sa ƙafa ta yi nauyi, ta sa mutum ya ji ya ƙosa da tseren gaba ɗaya. Masu gudu suna tsanar wannan ji, suna kiransa ragwanci. Ni ina ganin shi ne mai gadin da ya fi kowa aminci a cikin tseren.

Sai da na fara zuwa Legas na gane wannan a jikina. Ƙarshen hunturu ne, na baro Kano leɓe a tsattsage ina shafa man kaɗanya. Na sauka a garin da ma'auni ke cewa bai kai bazararmu zafi ba ko kusa, amma daga tashar mota zuwa masauki, tafiyar da ba ta fi minti ashirin ba, rigata ta manne a bayana kamar an tsamo ni daga kududdufi. A Kano mutum yana iya zubar da lita guda bai ga ɗigo ba, sai dai da yamma ya tarar da farin gishiri a wuyan riga. Zufarsa ta yi aikinta ta wuce. A Legas ka ga zufa da idonka, ka yi zaton jikinka na sanyaya kansa, alhali ita wadda kake gani ɗin ita ce wadda ta kasa. Daga nan kuskuren ɗan Arewa yake farawa in ya je tseren birnin Legas, wanda ake yi tun 2016, galibi a watan Fabrairu. Ya saba da digiri 40, sai ya raina 30. Hanyar da aka saba bi tana tashi daga filin wasa na ƙasa da ke Surulere, ta hau gadar nan ta uku mai tsawon kusan kilomita goma sha biyu a kan ruwa, ba bishiya ba rumfa, ta ƙare a Eko Atlantic. 'Yan Kenya da Habasha da ke cinye kyautar, da 'yan Filato da suka fi kowa iya dogon gudu a Najeriya, sun gama sun sha ruwa tun hantsi bai dubi ludayi ba. Mai kanti ko ma'aikacin banki da ya shiga don sha'awa, wanda zai yi awa biyar a hanya, shi rana za ta tarar a kan kwalta. Gasa ɗaya ce a takarda, amma yanayi biyu aka yi gudu a cikinsa.

To, ba sai a yi ta shan ruwa ba? Tarihin wannan tambaya abin dariya ne da ban tausayi. A gasar Olamfik ta 1904 a birnin Sen Luwis na Amurka, an saki masu fanfalaki da misalin ƙarfe ukun rana a watan Agusta, zafi na wajen digiri 32, a kan turba mai ƙura da motoci ke tayarwa. Jagoran shirya gasar, James Sullivan, yana da ra'ayin a gwada yadda jiki zai yi in an hana shi ruwa, don haka wurin sha ya yi ƙaranci ƙwarai, dogaron kowa wata rijiya ce a wajen rabin hanya. Mutum 32 suka tashi, 14 suka ƙarasa. Thomas Hicks da ya yi nasara, masu kula da shi farin ƙwai da barasa da ɗan guba suka riƙa ɗura masa, irin gubar da ake kashe ɓera da ita, wai don ta farfaɗo da shi. Cikin waɗanda suka ƙarasa har da 'yan ƙabilar Tswana biyu daga kudancin Afirka, Len Taunyane da Jan Mashiani, na tara da na goma sha biyu. Shekara takwas bayan haka a Sitokhom, Francisco Lázaro na Fotugal ya shafe jikinsa da kitse kafin tsere a ranar da aka yi zafi. Ya faɗi a wajen kilomita 30, washegari ya cika. Shi ne ɗan wasa na farko da ya mutu a gasar Olamfik ta zamani. Har zuwa shekarun 1970 dokokin gasa suna taƙaita wuraren shan ruwa, kuma gwanaye da yawa suna ganin sha a tsakiyar tsere rauni ne.

Da aka tashi gyara sai aka zarce. Aka shiga gaya wa kowa ya sha kafin ya ji ƙishi, ya sha iya abin da cikinsa zai ɗauka. A 1985 likitan Afirka ta Kudu Tim Noakes ya bayyana wata cuta da ya gani a jikin masu dogon gudu: sun sha ruwa har gishirin jininsu ya tsinke. In haka ta faru ruwa na kutsawa cikin ƙwaƙwalwa ta kumbura, ga ƙoƙon kai ba ya buɗewa. A tseren Boston na 2002 an ɗebi jinin mutum 488 bayan sun gama, aka samu kashi 13 cikin ɗari gishirinsu ya yi ƙasa, kuma a tseren nan wata matashiya ta rasu da wannan cuta. Waɗanda abin ya fi kamawa su ne masu tafiya a hankali, masu tsayawa a kowane tebur su shanye kofi biyu. Alamarsu ita ce sun gama tsere nauyinsu ya ƙaru. Mugun abin shi ne ciwon kai da amai da ruɗewar da suke yi sun yi kama da na wanda zafi ya buge, sai mai son taimako ya ƙara miƙa musu gora.

Shawarar da ta tsaya a yau mai sauƙi ce: ka sha in ka ji ƙishi, ka haɗa da ɗan gishiri in tafiyar mai tsawo ce, ka hau sikeli kafin atisaye da bayansa don ka san lita nawa jikinka ke zubarwa. Amma kada a ɗora wa ruwa abin da ba zai iya ba. Matan Doha ba ƙishirwa ce ta kayar da su ba, tebura cike suke da ruwa da ƙanƙara. Ko ka cika randa har baki, in iska ba ta busar da bayanta ba, ba za ta yi sanyi ba. Abu ɗaya ne ke hannun mai gudu kai tsaye, shi ne ya rage wutar murhun. Ya sassauta tun daga kilomitar farko, lokacin da ƙafa ke da daɗi kuma kowa na wuce shi. Wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya mai shekara 41, Roberta Groner, haka ta yi a daren nan. Ta bi a sannu tana tsintar waɗanda suka fi ta suna ɗaya bayan ɗaya, ta ƙare ta shida a duniya.

Akwai wani hoto da ake yawan nunawa in ana maganar jarumta a wasanni, ni kuwa duk sanda na gan shi gabana faɗuwa yake. Ranar 5 ga Agusta 1984 ne, a Los Anjalis, karon farko da aka bar mata suka yi fanfalaki a Olamfik. Joan Benoit ta Amurka ta riga ta ci. Can sai ga Gabriela Andersen-Schiess ta Suwizalan, mai shekara 39, ta shigo filin jikinta a karkace, hannu ɗaya a sanƙare, tana layi daga wannan gefe zuwa wancan. Wurin shan ruwa na ƙarshe ya kuɓuce mata. Ma'aikatan lafiya suka matso ta kore su da hannu, don in sun taɓa ta an fitar da ita. Zagayen mita 400 ya ci mata fiye da minti biyar, dubban mutane na tsaye suna tafi. Ta ƙare ta 37, kuma Allah ya sa ta farfaɗo cikin 'yan awoyi. An yi sa'a. Amma mutumin da ke layi haka ba lallai ne shi ke yanke wa kansa shawara ba. In zafin ciki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ce farkon abin da ke taɓuwa. Mutum ya fara surutai, ya yi faɗa da mai taimakonsa, ya manta sunan garin da yake. Tambayarsa ko zai iya ci gaba kamar tambayar mashayi ne ko zai iya tuƙi. Bayan ƙwaƙwalwa sai hanta da ƙoda su biyo.

Maganin kuwa ba ya buƙatar babban asibiti. A garin Falmouth da ke gaɓar tekun Amurka ana yin wani tsere na kilomita goma sha ɗaya kowane Agusta, gajere, wanda saboda gajartarsa mutane ke sakin gudu su ƙona kansu. A nan ne Salazar ɗin nan ya zube a 1978 har limamin coci ya yi masa addu'ar ban kwana, ya kuma tashi. Likitocin tseren sun shahara da jera bahon ruwan ƙanƙara a bakin layin ƙarshe. Wanda zafi ya buge, a nan take ake tsoma shi har wuya, a yi ta motsa ruwan, sai zafinsa ya sauko ƙasa da 39 sannan a sa shi a mota. In an yi haka cikin rabin awa na farko, kusan kowa na tashi. A sanyaya tukuna, asibiti daga baya. In ba baho, a kai shi inuwa, a tuɓe masa riga, a yi ta kwara masa ruwa mafi sanyi da aka samu ana fifita, a dasa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Farasitamol ba ya taɓa wannan zafi, don ba zazzaɓi ba ne. Kuma wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki. Duk mai shirya tsere a gari mai gumi da ya kashe kuɗi a kan allunan talla da mawaƙa, bai tanadi baho da ƙanƙara ba, ban ga uzurinsa ba.

Hukumomi sun ji tsoron abin da suka gani a Doha. Cikin Oktoban shekarar kwamitin Olamfik ya ɗauke fanfalakin gasar Tokiyo ya mayar da shi Sapporo, kilomita wajen 800 arewa, inda aka san da sanyi. An gudu ba a tsira ba. A Agustan 2021 Sapporo ta yi zafin da ba ta saba ba, har aka matso da tseren mata zuwa ƙarfe shida na safe ana gobe za a yi shi. Washegarin tseren matan, maza 106 suka tashi, 30 ba su ƙarasa ba.

Abin da ke da daɗin ji shi ne jiki yana koyo, kuma da sauri. Kwana goma zuwa sha huɗu na atisaye a cikin gumi sun isa a ga canji: ruwan jini ya ƙaru, zufa ta riƙa fitowa da wuri, gishirin cikinta ya ragu, bugun zuciya ya lafa. Wanda zai tashi daga Jos ko Kano ya je ya yi gudu a Legas ko Fatakwal ko Akara, in da hali ya sauka da mako biyu a hannu. In babu, ya ƙirƙiri gumin a inda yake, a hankali, da wani a kusa da shi.

Callum Hawkins na Sukotland ya koyi wannan da tsada. A gasar ƙasashe rainon Ingila ta Afrilun 2018 a Ostireliya, a tseren fanfalaki, yana kan gaba da tazarar kusan minti biyu, saura kamar kilomita biyu, ƙafafunsa suka ƙi. Ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa a kan wata gada ya buga da ƙarfen gefen hanya. Yana kwance 'yan kallo suna ɗaukarsa hoto da waya, har Michael Shelley ya zo ya wuce ya ɗauki zinaren. Da aka sa ranar Doha, Hawkins ya shigar da injin gudu cikin wata 'yar rumfar ajiya a gidansu, ya sayo na'urorin ɗumama ɗaki ya jera, ya rufe ƙofa ya riƙa gudu a ciki. Daren tseren maza, 5 ga Oktoba 2019, laimar ta sassauta fiye da ta daren mata. Ya bar na gaba suka tafi, ya riƙa cim musu sannu a hankali har ya kamo su ana dab da gamawa. Lelisa Desisa na Habasha ya yi nasara cikin awa 2 da minti 10 da daƙiƙa 40. Hawkins ya shigo na huɗu, da ƙafafunsa, daƙiƙa shida tsakaninsa da lambar tagulla.